Hoton Balki Ya Daɗe a Kan Gilashi

"To wai Baba, me take ce maka haka kullum?" in ji Nura.

"Gaisuwa take amsawa," in ji Malam Dogo, bai ko waiwayo ba. "Kai dai yi shiru ta gama, ɗan Magariya. Ba a katse mai amsa gaisuwa."

Nura ya haɗiye dariya, ya saci kallon Zahara'u. Ita ko ta duƙar da kai kan takardun sanarwar da take jerawa, tana cizon leɓe kada tata dariyar ta tona ta. Ta san mahaifinta. In ya zauna gaban ordinater, wato kwamfutar gidan radiyon nan, da sassafe, ko mai gari ne ya yi sallama sai ya jira.

Gilashin na'urar baƙi ƙirin, farin rubutu yana ta hawa sama layi bayan layi, kowane layi da ɗan kore a gefensa na hagu. Malam Dogo na jan carbi, idonsa na bin rubutun yadda manomi ke bin kunya yana duba inda shuka ta fito da inda ta ƙi. Bai taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba. Ajami ya iya, boko kuwa ko sunansa aka rubuta sai an faɗa masa. Amma shekara goma sha ɗaya ke nan yana gadin wannan ɗan gidan radiyo na Sassumbrum mai ɗaki biyu da doguwar eriya. Shi ke goge panno mai jawo wuta daga hasken rana, shi ke duba batir, shi ke tada na'urar kafin kowa ya iso. Ya san surar kowane layi yadda makiyayi ya san shanunsa.

"Ka ga na farkon can?" Ya nuna da haɓa. "Cewa take ta kwana lafiya. Na bayansa, mutanen gida lafiya. Wannan gajeren, mikro ne. Wannan dogon kuwa mai jan wutsiya kamar igiyar guga, shi ne rumbu. In ya yi kore, na san muryoyin suna nan."

Yatsansa ya kai ƙarshen talatin da uku, daidai nan rubutun ya ɗauke, fuskar aiki ta bayyana.

"Ka gani ko? Tasbihi talatin da uku, ta shirya. Ba ta taɓa saɓa mini ba."

"Gaskiya ne, Baba." Nura ya gyara tsuguno a bakin ƙofa. "Amma yanzu daga Damagaram har Yamai ba mai barin wannan a fili. Hoto mai kyau ake sawa, na'ura ta yi shirinta a bayansa. Rubutun nan namu ne, masu gyara. Wanda bai saba ba tsorata shi yake yi. Ba rannan wata tsohuwa ta zo cigiyar akuya ba, ta gan shi yana gudu ta koma da baya?"

"Cewa ta yi aljanu ne ke rubutu," Zahara'u ta sa baki. "Da ƙyar na lallaso ta."

"To ka ji. Baƙo in ya zo gida ai zaure ake kai shi, ba madafa ba."

Sai a nan Malam Dogo ya juyo ya dube shi. "Baƙo ka ce. Ni baƙo ne?" Ya mai da carbi aljihu. "Bara da waya ta kwance a bayan mikro, wa ya gani? Layi na goma sha huɗu ya yi ja. Kafin Mushe Harouna darakta ya iso, na sa Uwata ta matse ta."

Uwata yake ce wa Zahara'u, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Nura ya ce, "Haka ne, Baba," ya sunkuyar da kai irin na surukai.

Da ta rako shi wajen motonsa, babur ɗin da ya kafe a gindin dalbejiya, sai ya saki fuskar da ya ɗaure.

"Zahra, tsohon nan ba ya sona."

"Ya karɓi goronku ko bai karɓa ba?"

"Goro ya karɓa, ni ne bai karɓa ba. Wata huɗu yanzu, ko sau ɗaya bai kira sunana ba. Ɗan Magariya, ɗan Magariya, sai ka ce ni kaɗai aka haifa a garin."

"Ka gode Allah bai ce maka mai kwance-kwance ba."

Ta yi dariya, amma tausayinsa ya tsarga mata. Nura gyaran salula da ordinater yake yi a wata ƴar rumfa kusa da tashar Magariya. Duk sati biyu yana ratso hanya ya duba na'urorin radiyon, kuma kowa a Sassumbrum ya san ba don na'ura kaɗai yake cin wannan yashi ba. An sa biki bayan kaka. Hannunsa na da sanyi a kan ƙarfe, bakinsa na da sauri a gaban kowa, amma gaban Malam Dogo sai ya koma kamar kazar da ruwa ya doka.

"Ina da kado gare shi, ƴar kyauta," ya ce, ya zaro salularsa. "Amma sai kin yarda. Mushe Harouna ya ba ni tsohuwar wayarsa in ciro masa lambobi. Dubi abin da na tarar."

Ta duba. Sai ta dafa kujerar moton.

Innarta ce. Balki, zaune gaban mikro, abin sauraro ɗaure a kan kallabinta, ta juyo tana dariya har wushiryarta ta fito, kamar wani ya kira ta ba zato.

Shekara uku ke nan da rasuwar Balki. Ita ce muryar mace ta farko a wannan radiyo. A zamaninta takan ɗauki rakoda ta hau amalanke, Malam Dogo na kora jaki, su bi rugage da ƙauyukan Yekuwa har zuwa gefen Dungass, tana ɗaukar waƙoƙin mata: na niƙa, na daka, na daɓe, na reno. Galibin tsofaffin da suka rera mata sun riga ta tafiya. Wani proje na ƙungiyar agaji ya taɓa zuwa ya juye kaset ɗin duka cikin ordinater, daga baya gara da yoyon damina suka cinye kaset ɗin. An sha cewa za a sayo wani diski a yi kwafi, ana ta sai an jima, sai baɗi. Don haka muryar Balki wuri ɗaya tak ta rage a duniya, cikin diskin ordinater ɗin nan da Malam Dogo ke kira rumbu. Duk Alhamis da la'asar Zahara'u, wadda ta gaji kujerar, takan ciro ɗaya ta sa wa jama'a.

Hoto kuwa Balki ba ta so. In ban da ɗan mitsitsin da ke kan katin shaidarta, inda ta ɗaure fuska kamar an yi mata laifi, ba su da komai.

"A kan gilashin zan sa masa," Nura ya ce a hankali. "Yana dannawa da safe, ita zai fara gani."

Zahara'u ta share ido da bakin mayafi. Ba ta yi tunanin komai ba sai fuskar Baba. "Sa masa," ta ce.

Ranar da aka yi abin, ta laɓe bayan ƙofa, Nura na gefenta. Malam Dogo ya shigo, ya yi bismilla, ya zauna, ya danna. Gilashin ya yi baƙi kamar kullum, ya ɗaga carbi. Sai ga Balki ta cika fuskar na'urar tana dariya, wasu ƴan ɗigo-ɗigo suna zagayawa a ƙasan haɓarta.

Carbin ya faɗi.

Ya kafe ta da ido har hoton ya ɗauke. Sannan ya miƙe, ya wuce su kamar bai gan su ba, ya ɗauki tsumma ya hau goge pannon da ya riga ya goge tun bayan asuba. Daga inda take Zahara'u na hango kafaɗunsa suna rawa.

Da hantsi ya dafa shayi a gindin dalbejiya. Kofin farko, mai kumfa, ya miƙa.

"Nura. Karɓi."

Nura ya kusa zubar da shi. Ya karɓa da hannu biyu, ya dubi Zahara'u, idonsa na cewa, kin ji? Don murna sai bakinsa ya ɓalle: "Baba, rubutun ma bai tafi ko'ina ba, yana bayan hoton. In kana son ganinsa, ka danna wancan maɓallin na kusurwa, na sama hannun hagu, shi ke nan sai..."

Malam Dogo ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. "Bar shi inda yake."

Damina ta zauna sosai. Gero ya yi ciki ya fara fidda kai, wake ya baje. Zahara'u ta lura mahaifinta ya canza. Da, sai ya sha kokonsa a gida. Yanzu da kwanon yake tafiya radiyo. Ya dawo da sa turaren da ya daina tun ranar sadakar arba'in. Wata rana har ta ji shi yana ƴar waƙa a ƙasan maƙoshi yana ɗaure jaki. Ta buga wa Nura ta ce, "Ka dawo mini da Babana." Shi kuwa ruwa ya yanke hanya, ga aiki ya yi masa yawa, sati huɗu bai leƙo ba, sai dai murya a waya.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ta, shi ma ba sosai ba. Ƙarfe bakwai ake buɗe radiyo, amma kwanakin nan sai ta iso ta tarar na'urar ba ta gama shiri ba. Bakwai da minti biyu. Bakwai da biyar. Ta ɗora laifin kan hadari, ta ce batir ne ba ya cika.

Sai ranar wata Alhamis. Ta zaɓi ɗaukar da Baba ya fi so, wadda aka yi a wani ƙauyen Yekuwa wajen wata tsohuwa Iya Ladi. Ana tsakiyar waƙar niƙa jaki ya ɓarke da kuka, Balki ta tuntsire da dariya ta ce, "Malam, don Allah ja abokinka can!" shi kuma daga nesa ya amsa, "Shi ma waƙar yake so a ɗauka." Nan ne kaɗai muryoyinsu biyu suka haɗu. Mutanen gari sun haddace wurin, yara har kwaikwayo suke.

Waƙar ta fara lafiya. Kafin a kai ga jakin, muryar Iya Ladi ta sarƙe, ta maimaita kalma ɗaya sau huɗu, ta yi tsit. Zahara'u ta yi maza ta buɗe mikro ta karanta sanarwar rigakafin awaki. Da ta fito, ta tarar Baba zaune kan benci ya zuba wa ƙasa ido.

"Hadari ne," ya ce, tun ba ta tambaya ba.

Ranar kuwa ko gajimare babu.

Washegari ta biyo bayansa tun gari bai gama wayewa ba. Ta tsaya bakin ƙofa ba ta yi sallama ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Yana zaune, kwanon koko a gefe ya huce, hasken hoton a kan fuskarsa. Magana yake ƙasa-ƙasa.

"...waken gonar gabas ya yi fure. Jar akuyar nan taki ta haifi biyu. Ƴarki kuwa ta fara ɗinkin biki, rigima take da tela kamar ke." Carbi na tafiya a hannunsa. Ya kai ƙarshe, ya juya, ya sake ɗauka. "Jiya zagaye biyar kika ba ni. Yau ga na shida, ba ki tafi ba. Allah ya yi miki albarka."

Zahara'u ta lissafa a ranta. Zagaye shida na dogon carbi. Na'urar da ke shiryawa a tasbihi talatin da uku.

"Baba."

Ya zabura, ya rufe carbin a tafinsa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

"Baba, tun yaushe take daɗewa haka?"

"Uwata, ba ki iya sallama ba?"

"Salamu alaikum. Tun yaushe?"

Ya juyar da kai. "Sati uku. Da farko kaɗan ta ƙara. Kullum tana ƙarawa."

"Ba ka faɗa wa kowa ba? Kai da ko ƙyaftawa ta yi sai ka sa na duba?"

"In ce me?" Ya ƙara damƙe carbin. "In ce uwarki ta daɗe wurina, a zo a kore ta?"

Maganar ta soke ta har ƙashi. Ta durƙusa gefen kujerarsa. A kan gilashi Inna na ta dariya, ɗigo-ɗigon na ta zagaye, daga cikin akwatin na'urar kuma wani ɗan ƙara na fita, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ɓera na cin ƙwarya. Yanzu da ta kasa kunne ta san ta sha jin sa, ta ƙi saurara.

Ita ma fa ba ta so hoton ya tafi. Ita ta ce a sa. Amma ta tuna jiya, yadda muryar Iya Ladi ta sarƙe ta mutu kafin a kai ga dariyar.

"Baba," ta ce a hankali, "hoton nan yana cikin wayar Nura, yana cikin tawa. Ba inda za shi. Muryarta fa? Ina take in ba cikin nan ba?"

Ya mai da idonsa kan hoton, ita kuwa ta ci gaba.

"Ni ban san abin da rubutun yake cewa ba sai an fassara mini. Kai ka san shi. Ka bari ta amsa maka gaisuwar."

Ta kai hannu wajen maɓallin kusurwa. Ya riƙe mata wuyan hannu, ba da ƙarfi ba. Suka tsaya haka. Can ya janye hannunta gefe, ya dubi hoton ya daɗe, ya ce, "Yi haƙuri," ba da Zahara'u yake ba. Ya danna da kansa.

Balki ta ɓace. Baƙin gilashi ya dawo.

Ba kore a ciki sai can sama. Daga tsakiya zuwa ƙasa layi ɗaya ne ke ta maimaita kansa, dogo, mai jan wutsiya, yana fitowa yana sake fitowa, ja na bin sa.

"Inna lillahi," in ji Malam Dogo. "Rumbun ne."

Ta buga wa Nura. Ta karanto masa haruffan ɗaya-ɗaya.

"Zahra, diskin ne ke mutuwa. Kada ku kashe ta, kada ku sa komai, kada kowa ya taɓa. Duk tadawa ɗaya ƙara masa rauni take. Gani nan."

"Hanya fa? An ce ruwa ya ci wajen kwari."

"Ko a kai zan ɗauko moton."

Ranar nan, da mikro kaɗai ta buɗe radiyo, ba kiɗa ba komai. Ta karanta sanarwa, ta gai da manoma, ta sake karanta sanarwar. Tsakanin magana da magana tana hango Baba ta ƴar tagar da ke raba ɗakunan, zaune gaban jan rubutun, ya ɗora tafinsa kan akwatin na'urar kamar mai jinya.

Kusan azahar Nura ya iso, taɓo har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ciro nasa diskin daga cikin leda uku, ya jona, ya fara kwashe muryoyin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake kwashe hatsi daga rumbun da ya tsage. Wasu suka fito sumul. Wasu sai ya yi ta lallashi, na'urar na ƙas-ƙas, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Zahara'u ta kawo masa ruwa bai gani ba. Ta tsaya bayansa tana kallon ƙeyarsa da taɓon da ya bushe a kunnensa, ta ji in da ba a riga an sa ranar ba, da yau za ta ce a sa.

Suka yi sallar Juma'a, suka dawo. Suka yi la'asar, suka dawo. Rana ta yi sanyi sannan ya ɗaga kai.

"Ɗari huɗu da uku sun fito," ya ce. "Tara sun ƙi."

"Waɗanne?" Zahara'u ta tambaya, ko da yake jikinta ya riga ya ba ta.

Ya karanto sunayen. Na shida, Iya Ladi, Yekuwa.

"Kashi ɗaya cikin uku na farkonta na samu. Daga nan ba komai. Na gwada sau bakwai, Baba." Ya zame daga kujera ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Laifina ne. Da ban rufe rubutun ba, da ka gani tun ranar farko, da duka sun fita. Ni na sa hoton don ka so ni. Ka yafe mini."

"Ni na ce ya sa," in ji Zahara'u, hawaye na zuba ba ta share ba.

Malam Dogo ya dube su duka biyun. Sannan ya ce, "Sa mini wata. Ko wacce."

Nura ya jona diskinsa a tasa ƴar na'urar ya danna. Ɗakin ya cika da shuuu na iskar ƙauye, zakara ya yi cara can nesa, sai ga ta: "Jama'a, barkanku da war haka, Balki ce ke gaishe ku, yau ga mu a bakin rijiya..."

Tsohon ya lumshe ido. Ya saurara har ta gama gabatarwa, matan suka ɗauki waƙa. Sannan ya ɗaga hannu aka tsayar.

"Tashi, Nura. Kai ka nuna mini maɓallin tun ranar, ni na ce a bar shi. Tun zagaye na biyu na san ba lafiya ba. Kunnena ya ji, na ce masa ya yi shiru." Ya shafa gemu. "Uwata, kin tuna ciwon uwarki?"

Ta gyaɗa kai.

"Wata bakwai. Kullum ta yi wanka, ta sa kwalli, ta fito tana murmushi. Ya jiki? Da sauƙi. Ya jiki? Da sauƙi. Ni kuma ina ganin ramar a wuyanta, amma murmushin ya fi mini daɗi, sai na bi shi. Ranar da muka kai ta likita a Magariya, cewa suka yi ina kuka tsaya." Ya ja numfashi. "Sau biyu ke nan ina zaune gaban fuskar nan tana mini dariya, abu na ci a ciki, ina sane."

A waje wani ya wuce da amalanke, jakinsa ya yi ɗan gajeren kuka ya fasa. Malam Dogo ya ɗan murmusa, idonsa jawur.

"Ja abokinka can," ya faɗa a hankali. "Wannan kam sai dai a bakina yanzu."

"Da bakin yaran gari," in ji Zahara'u. "Har na goye sun iya."

Ya yi ƴar dariya, ya share fuska da hannun riga.

Nura ya gyara murya. "Baba, gobe zan kawo sabon diski in sa, kuma kwafi biyu za mu ajiye, ɗaya nan, ɗaya Magariya. Hoton kuwa, in kana so, sai in gyara yadda za ka gan ta na ɗan lokaci, sannan ka danna rubutun ya fito. Ka samu duka biyun."

"In danna in kore ta da hannuna kullum safiya?" Ya girgiza kai. "Na yi sau ɗaya, ya ishe ni. Wata rana ba zan danna ba, na san kaina."

Ya miƙe tsaye, dogonsa har kusan rufin kwano, ya sa carbi a aljihu. Ya dubi ƴarsa, ya dubi saurayin da ke tsugune da taɓo a ƙafa, ya ɗaga murya kamar mai sanarwa a mikro.

"Ku ji abin da za a yi. Nura, ka mai da mini rubutuna yadda yake, kore da ja, in riƙa jin gaskiyarta tun da safe. Hoton kuma ka kai Magariya a wanke shi babba, a sa masa gilashi. A ɗakina zan rataye ta, inda za ta daɗe yadda take so."